Ƙofar Abla Asiya a Shisha

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinmu na unguwar Shisha, ba nisa da Harami, abu na farko da ke shiga kunnena shi ne ƙarar sakata daga hawan da ke ƙasa da nawa. Abla Asiya ce ke buɗe ƙofarta. Ba ta wangale ta, takan dai bar ta a sake, ta tokare da wani tsohon silifa. Sai ta ɗora tukunyar ful, dafaffen waken karin kumallo, ta dafa shayi da na'ana'a, ta zura abayarta ta sauka matakala a hankali, tana dafa bango tana yi wa gwiwoyinta faɗa, ta je wajen mai gurasa ta sayo tamis mai zafi. Kullum abin da take sayowa ya fi ƙarfin cikin mace ɗaya da ke zaune ita kaɗai, kuma ban taɓa ganin ya kai azahar ba.

Kafin in shirya in tafi makarantar da nake koyarwa, takalma sun taru a bakin ƙofar. Ni Manal, da nake samanta shekara da shekaru, na sha yin tuntuɓe da takalman nan, na kuma sha yin mita, domin Allah bai yi ni mai haƙuri ba. Na taɓa ce mata, "Abla, wai nan gida ne ko tashar mota?" Ta ce, "Ya binti, ki riƙa duba gabanki, takalmi ba ya cizo." Haka take, ba a kayar da ita a magana. Abla kuwa, ga wanda bai zauna a Hijaz ba, haka muke kiran malama ko babbar yaya, kuma duk unguwar da sunan aka san ta.

Masu takalman nan ba 'yan biki ba ne. Yawancinsu mutanenmu ne masu jin Hausa da suka zo daga Sudan ko Cadi, wasu da bizar Umara, wasu ziyarar dangi, sai fitina ta tashi a bayansu, hanyar gida ta toshe. Biza ta ƙare, sun kai kukansu ofishin da ke duba masu neman mafaka, an yi musu tambayoyi, an ce su jira. Wasu a karɓe su. Wasu kuma amsa ta zo musu da kalmar da ko wanda bai iya Larabci ba ya san ta a unguwar nan, rafdi, wato an ƙi. Wanda aka ƙi kuwa, ba biza ba iƙama, wato takardar zama, kullum yana tafe yana waige-waige, domin duk ranar da aka tsayar da shi aka nemi takarda, sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Irin waɗannan ne ke hawa matakalarmu da sassafe, idanu sun kumbura don rashin barci.

Ƙa'idarta ta farko ita ce ba ta duba amsar kowa sai ya ci abinci. Mutum zai shigo yana miƙa mata waya ko takarda, ta ture, ta tura masa faranti. "Ci tukuna," za ta ce. "Rafdin nan ba inda za shi, ful kuwa hucewa yake." Sai ta ga ya ƙoshi sannan ta sa tabarau, ta karanta, ta sake karantawa, ta shiga faɗa masa abin da take kira ƙofofin da suka rage. Akwai ɗaukaka ƙara, amma tana da wa'adi, kuma gajere ne. A nan ne Abla ta fi ɗaga murya, domin a cewarta yawancin waɗanda wannan dama ta kuɓuce musu suna da gaskiya, kwanciya kawai suka yi suna jinyar baƙin ciki har lokaci ya wuce. In ƙarar ma ta faɗi, ana iya roƙon a sake buɗe magana idan wani sabon abu ya taso, ko wata shaida da ba a gani ba da farko. Wani yana da ɗan'uwa a wata ƙasa da zai iya nema masa hanya. Akwai kuma ƙofar da ba mai son jin sunanta, mutum ya haɗa kayansa ya tafi da ƙafarsa kafin a tafi da shi.

Ba ta taɓa cewa ita lauya ce ba. In magana ta kai ga rubutu, akwai lauyan da take tura mutane wajensa, ta kuma bi su da waya har sai sun je. Wanda ya zo yana so ta tsara masa labari mai ban tausayi, ko ta nuna masa mai buga takardar jabu, zai sha shayinsa lafiya, daga nan ta nuna masa hanya. Na ji ta da kunnena tana ce wa wani, "Ya akhi, gaskiyarka ma da ƙyar muke ɗaukarta zuwa can, ina za mu kai ƙarya?"

A Jarwal aka haife ta, tun kafin otal-otal su cinye gidajen unguwar. Kakanninta da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suka yi shekaru a hanya, suka iso suka zauna. Ta tashi da Hausa a cikin gida, Larabci a bakin titi, kuma da wannan ta ci abinci. Tafinta ce a ɗakin mata na wani asibiti, lokacin Hajji kuma a tura ta tantunan jinya a Arfa, ta tsaya tsakanin likita da tsohuwar da ke nuna ciki tana cewa wani abu na mata yawo. Da ta bar aiki, waɗanda suka san ta suka fara kawo mata takardun da ba su gane ba. Ba wanda ya naɗa ta, ba ofishin da ya san da zamanta. Ƙofa kawai ta buɗe wata safiya, ba ta sake rufewa ba.

Ke ce, Abla, wadda ba ki taɓa sayar wa mai kuka da fata na ƙarya ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a halinki, domin ni da nake kallo daga gefe sau da yawa na so ki ɗan sassauta.

Ina tuna Baba Salihu, wani tsohon tela daga Cadi. An ƙi shi, ya ɗaukaka ƙara, aka sake ƙi. Ya zo ya ci ful ɗinsa, ta karanta, ta cire tabarau ta ce, "Baba, ƙofofin sun ƙare sai ɗaya." Tsohon ya yi fushi, ya ce ashe ita ma bakinsu ɗaya, ya fita ko takalminsa bai sa daidai ba. Ba ta bi shi da ban haƙuri ba. Da fushin ya sauka ya dawo, sai ya tarar ta riga ta yi aiki. Ta gano masa ɗan ƙanwarsa a babban birni, nesa da garin da yake tsoro, ta bi masa hanyar da aka tanada ga mai son fita da kansa, ta sa likita ya rubuta masa maganin hawan jininsa da sunan da za a gane a can. Ta kuma nemo mai tura shi a keken marasa lafiya ya yi ɗawafin bankwana a natse. Ya tafi da rawaninsa a kai da keken ɗinkinsa a kwali, ba wanda ya riƙe masa hannu. Har yau yana kiran ta ranar Juma'a, kuma har yau bai daina ce mata mai taurin kai ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Sa'adiya.

Wata Asabar ce da safe, ba makaranta, na sauko mayar da tukunyar da na ara. Na tarar da baƙi huɗu a falo. Mace ce da ba za ta wuce arba'in da 'yan kai ba, siririya, ta naɗe jikinta da tobi irin na matan Sudan, da 'yan mata biyu, Hadil da Lujain, sai wani saurayi dogo da tabo a gefen wuya, ana ce masa Taha. Daga wani ƙauyen Hausawa suke a bakin kogi, wajen Sinnar a Sudan. Masu bindiga sun shiga garinsu, sun kashe mijin Sa'adiya a bakin ƙofarsa, sun tafi da Taha don ya yi musu yaƙi. Ya yi watanni a hannunsu kafin ya samu ya gudu ya dawo wa iyalin, suka tsallako teku da bizar Umara.

Abin da ya kawo su kuwa, an karɓi Sa'adiya da 'yan matan, an ƙi Taha. Dalilin a fili yake. Shi ya ce mahaifiyarsa ce shaidarsa, a gabanta aka kama shi, ga ta nan sun zo tare. Matar da ya nuna kuma da aka tambaye ta, ta ce 'ya'yanta biyu ne, duka mata. Sai aka ɗauka saurayin ya raɓu da iyalin wasu ne don ya samu shiga, kuma wanda ya yi ƙarya a kan uwarsa ba a yarda da sauran zancensa ba. Bizarsa ta daɗe da ƙarewa, rabin wa'adin ɗaukaka ƙara ya tafi. In aka mayar da shi, waɗanda ya gudu daga hannunsu sun san fuskarsa, sun san garinsu.

Abla ta karanta ta ajiye. Ta tsaya tana kallonsu. Ni ma sai na bi idonta. Sa'adiya ta zauna ta ba saurayin gefe, ko sau ɗaya ba ta dubi inda yake ba. Amma hannunta na aiki. Ta yago tsakiyar tamis, inda ya fi laushi, ta tura gefen farantin da ke wajensa, ta ce wa babbar 'yar, "Hadil, ce ma wanga yaro ya ci."

Abla ta ce wa matasan su shiga ciki su ba su wuri. Da suka tashi ta matso kusa.

"'Yar'uwa, 'ya'yanki nawa?"

"Biyu, Hajiya."

"Wanda ya tashi yanzu fa?"

"Na Inna ne. Ita ta yaye shi, ita ta raine shi."

"Na ji. Wa ya haife shi?"

Sa'adiya ta ja tobinta ta rufe baki, ta dubi ƙasa.

"Ɗan fari ne?"

Ta gyaɗa kai, da ƙyar ma za ka gani.

Na san ana kunyar ɗan fari, na ji a bakin kakata. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta sa shi a lissafin 'ya'yanta, sau da yawa ma kakarsa ce ke ɗauke shi tun yaye. Amma na ɗauka abin ya tafi da tsofaffinmu. Ni da nake kwala wa ɗana na fari Sami kira daga taga har makogwarona ya bushe, ina zan zaci akwai inda al'adar ke nan da ƙarfinta? Ashe a garin su Sa'adiya ba ta je ko'ina ba. Shi kansa Taha Yaya yake ce mata tun yana ƙarami. Da baƙon namiji ya zaunar da ita ya tambaye ta 'ya'yanta, sai ta ba da amsar da take bayarwa duk rayuwarta, amsar da kowa a garinsu zai gane ya yi murmushi.

Raina ya ɓaci, bakina kuma ba ya jiran izini. Na ce, "Haba baiwar Allah! Saboda kunya za a mayar da yaro hannun masu kashe shi?"

Abla ta juyo ta yi min wani kallo. "Manal, tukunya kika kawo. Ajiye ta a kicin." Na tafi na ajiye, na kuma tsaya a bakin ƙofar kicin ɗin, domin ba abin da zai raba ni da jin sauran.

Ba ta yi mata faɗa ba. Ta kama hannunta ta ce, "Ni ma 'yar fari ce. Uwata ta rasu a Jarwal ban taɓa jin ta ce Asiya ba. Ke, waccan, mai sunan Gwaggo, haka na tashi. Amma in na yi zazzaɓi ita ce ba ta cin abinci. Na san abin da ke cikin shirun nan, a cikinsa na girma. Shi mutumin ofis bai sani ba. Ya tambaye ki, kin amsa, ya rubuta abin da ya ji. Bai zalunce ki ba, ke ma ba ki yi ƙarya ba a wajenki. To amma ga inda abin ya kai mu."

Sa'adiya ta fara kuka mara sauti. Ta ce, "Hajiya, ki faɗa musu ke. Ki rubuta musu. Ke kin iya."

"Za a rubuta. Lauya zai rubuta, ni ma zan yi bayanin al'adar, dattawan unguwa za su sa hannu. Amma za su kira ki su sake tambaya. Bakin da ya ce biyu, shi zai ce uku. Kuma za su ce ki faɗi sunansa."

"Ban taɓa ba," in ji Sa'adiya. "Wallahi ban taɓa ba. Ranar da suka jefa shi mota, na bi su da gudu ba mayafi, ina ihu ku sake min shi, ku sake min shi. Har motar ta ɓace ban iya kiran sunan ba."

A bakin ƙofar kicin nan fushina ya mutu, na ji kunyar abin da na faɗa.

Aka shigar da ƙara kafin wa'adi ya cika. Takardar haihuwa ta ƙone tare da gida, don haka duk nauyin ya koma kan bakin mace ɗaya. Abla ta roƙa a ba Sa'adiya mace ta yi mata tambayoyin, ta ce wannan abu ne da ake iya nema, mutanenmu ne ba su san suna da damar nema ba. Daga nan aikin da ba lauyan da zai iya ya fara. Kowace safiya Sa'adiya ta zo, bayan an sallami sauran baƙi su biyu su shiga kicin wanke kofuna. Abla ta gano cewa in matar ta ba mutum baya, hannunta cikin ruwa, harshenta ya fi sakuwa. A haka, tana kallon bango, ta fara iya cewa "ni na haife shi." Bayan wani lokaci ta iya cewa "ɗana ne." Sunan kuwa ya tsaya a wuya, ya ƙi fita.

Wata rana na ji Abla ta tambaye ta, "To in kin je Harami kina masa addu'a, me kike cewa?"

"Cewa nake, Allah ka tsare shi. Allah ya san wanda nake nufi."

Abla ta yi dariya har tana riƙe gwiwa. "Allah ya sani, 'yar'uwa, ofis ne bai sani ba." Ita ma Sa'adiya sai da ta murmusa, karo na farko da na ga haƙoranta.

Shi kuma Taha, da ya ga yadda abin ke cin mahaifiyarsa, ya sami Abla ita kaɗai. Ita ta ba ni labari daga baya. Ya ce, "Abla, halas, ya isa haka, a bar Yaya ta huta. Kada a tilasta mata abin da ba ta taɓa yi ba. In komawa ce zan koma." Ta ce masa, "Kai ma kunyar ce ke damunka, gadonku ne. Ba wanda ke tilasta mata. Ita ke hawo matakalar nan da ƙafarta kullum, ban taɓa aika mata ba. Ka bar ta ta yi maka abin da take son yi." Ta ce sai saurayin ya ɗauki kwandon shara ya sauka da shi, don ya rasa abin yi da hannunsa.

Ranar tambayoyin ta zo sunan bai fita ba ko sau ɗaya. Ta waya mai hoto za a yi, da hantsi, kuma sharaɗi ne mai amsa ta kasance ita kaɗai a ɗaki. Abla ta gyara mata ƙuryar ɗakinta, ta jingina wayar da matashi, ta ajiye mata ruwa. A bakin ƙofa Sa'adiya ta riƙe mata hannu ta ƙi saki. Abla ta ce, "Iyakata nan. Abin da ya rage naki ne." Ta zare hannunta ta ja ƙofar.

Muka zauna a falo, ni da ita da Taha. Abla ta ce kada wanda ya kasa kunne, ba kyau. Sai dai wanda ya gina gidan namu bai yi asarar siminti ba, in maƙwabci ya yi atishawa kai ke ce masa yarhamukallah. Muna jin muryar mai tambaya sama-sama, muna jin ta Sa'adiya ƙasa-ƙasa. Aka daɗe a haka. Sai muka ji mai tambayar ta yi wata gajeriyar tambaya, ɗakin ya yi tsit. Shirun ya yi tsawo. Na dubi Abla, carbinta ya tsaya a hannu, leɓenta kawai ke motsi. Taha ya kafa wa tabarma ido.

Sai muryar ta fito, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Da Larabci ta fara, sannan ta maimaita da Hausa, kamar ba ta yarda Larabcin ya isar ba.

"Ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na fari. Sunansa Taha. Taha. A gabana suka tafi da shi."

Saurayin ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dube mu, ya fita ya zauna a kan matakala ya kifa fuska a gwiwa. Ya haura shekara ashirin a duniya bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba. Na tashi zan bi shi, Abla ta riƙe gefen rigata ta ce in bar shi. Ita kanta hawaye na bin fuskarta, ba ta ko share ba.

Amsa ta ɗauki watanni. Da ta zo, an janye ƙin, an haɗa maganarsa da ta mahaifiyarsa, yanzu suna jiran ƙasar da za ta karɓe su tare. Ba a gama ba, Abla ma ba ta ce musu an gama ba, har yanzu tana hana shi yawon da ba dole. Amma sunansa ya fita daga cikin waɗanda aka ƙi, kuma ya fara barci.

Yanzu gwiwoyin da take yi wa faɗa sun yi nasara. Likita ya hana ta matakala, 'yarta Raghad ta zo ta kafa ƙafa sai ta koma wajenta a Jidda. A ƙarshen watan nan za ta tashi. Da na ce mata zan rubuta wani abu a kanta, cewa ta yi, "Ki rubuta wa mutane su daina kwanciya a kan rafdi har wa'adi ya wuce, ya fi amfani." To na rubuta, Abla, kin ji. Sauran kuma nawa ne, ba za ki hana ni ba.

Ke ce mai buɗe ƙofa tun duhun asuba bai gama washewa ba. Ke ce kika san cewa wanda aka ƙi yana buƙatar a ciyar da shi kafin a karanta masa hukunci. Ke ce kika faɗa wa mai tafiya gaskiya ya tafi da mutuncinsa, kika tsaya wa mai sauran dama har ya same ta. Kin fassara Hausa zuwa Larabci shekaru masu yawa a asibiti da Arfa, amma abin da kika fi iya fassarawa shi ne shirun mutanenmu, abin da suke nufi in sun sunkuyar da kai. Uwar baƙi, mun gode. Na gode a madadin waɗanda suka zauna, da waɗanda suka tafi, da waɗanda aka tafi da su kika bi su da kaya da magani har ƙofar tarhil.

Ku kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan, ina magana da ku. Kun fi mu Larabci, kun san hanyar ofis-ofis, waya a hannunku kamar da ita aka haife ku. A cikinku akwai lauyoyi da ma'aikatan jinya da masu aikin takardu. Amma in kakarku ta yi muku Hausa da Larabci kuke amsawa, in an yi zancen al'ada ku ce abin da ne. Mutanen nan ba za su daina zuwa ba don Abla ta koma Jidda. Gobe wani zai hawo matakala da rafdi a hannu da wata magana a maƙale a wuya, kuma yana buƙatar wanda ya san dokar ya kuma san shi. Ku je ku zauna da tsofaffinku tun suna nan, ku tambaye su abin da ba a faɗa da dalilin da ya sa ba a faɗa. Wanda ke da falo ya buɗe, ko da safiya ɗaya ce a mako. Ba sai an naɗa ku ba, ita ma ba wanda ya naɗa ta.

Jiya ana haɗa kayanta, Sa'adiya ta zo taya aiki. Ina tsaye na ji ta ce wa Lujain, "Ce ma wanga yaro ya zo ya ɗauki akwatin Hajiya." Na ja Abla gefe na ce, "Kin ji? Duk wahalar nan da kika sha, ta koma gidan jiya." Tun ranar tambayoyin nan, ashe, ba ta sake kiran sunan ba.

Abla ta ce, "Sau ɗaya na roƙe ta, a inda ransa ya rataya a kai, ta kuma bayar. Sauran kunyarta ce, ba ni da hurumi a ciki."

Wanga yaro kuwa yana nan Shisha da ransa da lafiyarsa, shi ya sauko da akwatunanki ɗaya bayan ɗaya, uwarsa na tsaye ta ba shi gefe tana satar kallonsa. Allah ya saka miki da alheri, Abla Asiya, ya ba gwiwoyin nan hutu.